Fuskar Garba a Takardar Tsakiya

Ku da kuke zama bakin shagon caji kuna yanka fim a waya kuna ɗora muryarku a kai, ban ce abin da kuke yi ba sana'a ba ce. Amma rannan na ji ɗayanku yana cewa littattafan da muke yi a da, ni da Malam Hamidu, wai ba wani aiki ba ne, kallon fim ne kawai ka rubuta abin da ka gani. Shi ya sa na zauna na rubuta wanga. Ban girme ku da yawa ba, shekarata talatin da ɗaya. Amma shida daga ciki a wannan aikin na yi su, kuma akwai mutumin da aikin ya raba da garinsu.

A aji biyu na ƙaramar sakandare na bar boko. Ba kora ta anka yi ba, zaman ne ba na iyawa. Inna ta yi faɗa har ta gaji. Na yi tallan ƙanƙara, na yi yaron mota wata huɗu, na yi kabu-kabu da mashin ɗin wani har ranar da na zuba shi cikin kwalbati. Abu ɗaya da hannuna ya iya tun ina firamare shi ne zane. In na kalli mutum sau biyu, to na ɗauke shi. Wata rana ina zaune tashar mota a Yelwa ina zana wani direba a bayan kwalin taliya, sai wani dattijo mai tabarau ya tsaya kaina. Ya kalli kwalin, ya kalli direban, ya ce, "Kai ɗan wa ne?" Na faɗa mishi. Ya ce, "Gobe da hantsi ka same ni shago. Ka wanke hannunka kafin ka zo."

Shi ne Malam Hamidu. Tsohon mai buga tafireta ne a kotu, da ya yi ritaya ya buɗe shagon hoton takardu kusa da tashar. Takardar haya, katin biki, takardar neman aiki, duk yana yi. Amma abin da ke riƙe shagon a lokacin shi ne ɗan littafin da mutane ke kira jagora.

Bari in gaya muku dalilinsa, don ku ba ku san wancan zamanin ba. Lokacin ne anka fara kawo dogayen finafinan 'yan sanda da 'yan daba na ƙasashen waje masu fassarar Hausa, ana tura su a memori. Akwai guda da muke kira Gadar Ƙarfe. Babu waƙa, babu rawa. Gari ne na bakin teku, masu safarar ƙwaya, 'yan sanda masu cin hanci, wanda ka fi so shi za a harbe a kashi na gaba. Mutanen cikinsa sun fi arba'in. To ka ɗauki Basarke masunci da zai shiga ruwa ya yi kwana biyar yana bin kifin warangi. Ya dawo tunga, 'yan uwansa sun wuce shi kashi goma. Mai turawa ya jera mishi kashin a hargitse, na ashirin kafin na sha biyu. Mai fassara na farko ya kira mutum da wani suna, na biyu ya sauya mishi. Ga fuskokinsu, a idon mutanenmu duk ɗaya ne. Sai ka ga manya biyu suna neman dambe a bakin ruwa kan wa ya kashe wa. Jagora shi ke raba wannan gardamar. Shafi goma sha shida ne. Wane ne wane, wa ke ƙarƙashin wa, taswirar garin, wa ya mutu a wane kashi. Malam kuma yana ƙara nasa na kotu: mene ne beli, me ya sa alƙali ya saki mutumin da kowa ya ga ya yi kisa, wane ɗan sanda ya fi wane girma. Ƙarƙashin kowane hoto yana sa bayani layi biyu, ɗaya da boko, ɗaya da ajami da hannunsa, don wanda bai yi boko ba.

Aikina na farko kallo ne, kuma shi ne ya fi wuya. Malam ya zaunar da ni gaban tsohuwar kwamfutarsa da littafin rubutu mai layi da biro biyu, ja da shuɗi. Kowane kashi sau uku. Na farko ka kalla kamar kowa. Na biyu ka kashe murya, ka kalli wa ya shigo ɗaki, wa ya kalli wa, me ke kan tebur. Na uku ka rubuta. Shuɗi na masu rai, ja na waɗanda sunka mutu. Ranar farko na kawo mishi shafi huɗu ina jin kaina. Ya karanta, ya ce, "Motar da ta tsaya bayan masallacinsu, ko cocinsu, wace kala ce?" Na ce ban lura ba. Ya buga rula a tebur. "Koma." Sati biyu ina kashi ɗaya. Daga nan har yau ban sake jin daɗin fim ba, ƙofa nake kallo da hannun mutane.

Sai na'ura. Injin hotonmu tsoho ne, Hajiya muke ce mata, don sai ta ga dama take aiki. In damina ta yi, takarda tana shan sanyi, Hajiya ta riƙa tauna ta tana tofarwa. Sai ka shanya ƙunshin takardar a rana kamar kifi, ko ka ɗora shi kusa da janareta ya ji ɗumi. Tona, wato garin tawadar injin, mu ke zubawa da cokali, hanci baƙi, majina baƙa. Akwai wuƙar yanka takarda mai hannu, wadda ta cire wa Malam bakin ɗan yatsa tun yana kotu. Akwai ƙashin haƙarƙarin saniya da ya goge ya yi santsi, da shi ake ninkewa. Akwai sitefula mai dogon wuya da ke kai har tsakiyar takarda. Kuma ku da kuke cewa abu mai sauƙi ne, ku gaya mini: takarda huɗu za a ninke su ba da shafi goma sha shida, wane shafi ke zama kusa da na ɗaya? Na sha shida. Na biyu yana tare da na sha biyar. Na taɓa juya guda, munka buga tuli, mutum ya mutu a shafi na biyar ya tashi yana shan shayi a na shida. Malam bai zage ni ba. Cire ƙusar sitefula ya sa ni yi da farce, ɗaya bayan ɗaya, har la'asar.

Takarda ta huɗu, ta can ciki, ita kaɗai ce shafukanta biyu ke kallon juna a buɗe. Ita muke ce wa takardar tsakiya. Nan muke sa babban abin da ya faru a zangon, don nan littafi ke buɗewa da kansa. Kuma ita ke fara fita. A bakin ruwa ƙusar sitefula ba ta wata biyu sai ta yi tsatsa, ta cinye ramin, takardar ta zame. Mun sani. Kowa a wannan aikin ya sani.

Masu sayenmu iri-iri ne. 'Yan kabu-kabu na Yelwa, matan aure da ke aiko ƙannensu, malaman firamare da ke saye suna cewa na wani ne. Amma kasuwar gaske tana ruwa. Ranar kasuwar Warra nake cika jaka in tafi. Direbobin jirgi su karɓa su kai tungaye da tsibirai, wani ya biya da kuɗi, wani da busasshen kifi. A cikin jirgi mutum ɗaya ke karantawa da ƙarfi, sauran suna gyara mishi. Har Shanga ana aiko mana.

Matsalar hoto ita ta kawo zanena ciki. In ka ɗauki hoton fim ka ba Hajiya, baƙin tabo take fitarwa, ido biyu a cikin gawayi. Malam ya ce in riƙa zana su da biro. Na zana, sun fito tsaf, amma Sarkawa sunka ce har yanzu duk kamarsu ɗaya. Wata ranar kasuwa ina zaune teburin mai shayi a Warra, don wasa na zana mai shayin da hular tsohon ɗan sandan fim ɗin da sigari a baki. Teburin ya kaure da dariya. Wani ya ce, "Wallahi da haka kuke yi da mun gane kowa." Na kai wa Malam maganar. Ya ce, "Suna dai ban yarda ba. Suna ke kai mutum gaban alƙali. Fuska kuwa, in mai ita ya yarda, zana." A jagora na gaba mai shayi ya zama sufeto, wani mahauci ya zama uban daba, mai faci ya zama lauya. Ba mu taɓa sayar da littafi kamar wannan ba. Mutane sunka riƙa tare ni a hanya suna gyara hula, wai in kalle su da kyau.

Garba bakanike ne na injin jirgi. Rumfarsa na bakin ruwa a Warra, amma rabin kwanakinsa yana yawo tunga zuwa tunga da jakar sifanu, duk inda inji ya mutu a kira shi. Ya kai arba'in da biyar, mata ɗaya, 'ya'ya biyar. Kunnensa na hagu a tsage yake, ƙugiya ta kama shi tun yana yaro. Ga wushirya, ga dariya. Kullum na wuce sai ya ɗaga murya.

"Kai mai biro! Ka sa mahauci, ka sa mai faci, ni me na yi maka? Ko munina ya yi yawa?"

"Kawu Garba, ai kai sai an samo babban matsayi."

"Ƙarya kake, ɗan banza. Zo ka zauna ka zana ni, in ba haka ba ranar da injinku ya mutu tsakiyar ruwa da hannu za ka tuƙa."

A fim ɗin akwai wani mai garejin mota, mutumin kirki, kowa na unguwar a wurinsa yake shan shayi, yana ba yara aiki don kada su shiga daba. Na ce wannan ai Garba ne. Na zana shi da kunnen da wushiryar, har tabon baƙin mai a goshi. Ya manna shafin a jikin rumfarsa. Shekara biyu ana kiransa da sunan mai garejin yana amsawa.

Abin da ba mu sani ba shi ne inda masu fim za su kai mutumin. Mu zango-zango yake iso mana, ba mu da na gaba.

Zango na uku ya zo a mummunar shekara. Shekarar da ɓarayin daji sunka matso kusa da ruwa ke nan. Ƙauyukan tudu sunka watse, mutane sunka kwaso yara da awaki sunka sauka tungaye da tsibirai. Kowane gari ya kafa 'yan sintirinsa. Kalmar da ke bakin kowa ita ce infoma. Duk harin da anka kai, sai a ce akwai wanda ya nuna hanya. Mai tallan burodi, mai sayar da fetur a galan, duk mai yawo tsakanin garuruwa ana kallonsa da wutsiyar ido. Kallon fim kuwa bai ragu ba, ƙaruwa ya yi. Mutum yana zaune ba gona ba kasuwa, me zai yi?

A kashin ƙarshe na zangon asiri ya tonu: mai garejin nan shi ne ke kai wa makasa labari tun farko. Shi ya nuna musu ƙofar baya ranar da anka kashe iyali guda. Na kira Garba a waya na gaya mishi. Ya yi dariya har yana tari. "Ashe ni ne shegen! To ka zana ni da girma, kowa ya gani." Na zana shi da girma. Fuskarsa ta cika shafi guda na takardar tsakiya. A ɗayan shafin munka rubuta: Wannan shi ne mai kai labari. Yana gyaran inji, yana shiga ko'ina, kowa ya yarda da shi. Shi ya nuna musu hanya. Malam ya maimaita da ajami a ƙasa. A saman kowane shafi muna sa sunan fim da lambar shafi da ƙananan baƙaƙe. A wannan takardar na cire, don hular da na zana mishi ta samu wuri. Malam ya duba ya ce ya yi kyau. Mu biyu munka duba.

Wata uku bayan nan, ranar wata Talata da safe, ina shanya takarda, wayar Malam ta yi ƙara. Mai shayin Warra ne. Ina jin muryarsa daga inda nake. Ya ce an kama Garba jiya da yamma a wata tunga gaba da Warra, ya je gyaran inji. Kwana uku kafin nan an kai hari wani ƙauye kusa da su, an kashe mutane. Wata mata ta sayi ƙosai an ƙunsa mata a takarda, ta buɗe ta ga fuska da rubutu. Wani ya ɗauki hoton takardar a waya, ya tura cewa takardar jami'an tsaro ce ta fito. 'Yan tungar ba 'yan can ba ne, yawancinsu 'yan gudun hijira ne daga tudu, ba su san Garba ba, ba su san jagora ba. Kunnen kawai sunka gani. Mai shayi ya ce, "Malam, in za ku zo ku zo yanzu. Sun ce bayan azahar za su fita da shi daji."

Malam ya cire tabarau ya goge. Ya ce, "Ɗauko jagora goma na zango na uku. Ɗauko na farko da na biyu. Ɗauko littafinka na zane. Wayarka akwai kashin ƙarshe?" Na ce akwai. "Akwai caji?" Na ce rabi. Ya ce, "Kashe ta."

Ba zan faɗi sunan tungar ba, akwai mutanen kirki a cikinta. Mota zuwa Warra, daga nan wani direban jirgi da Garba ya sha gyara wa inji ya ɗauke mu, bai tsaya jiran fasinja ba. Mun isa ana kiran azahar. Garba yana ɗaure a jikin turken da ake shanya taru, a rana. Ban gane shi da fuska ba, ta kumbura. Hannayensa na baya. Mutane sun kewaye, mata a gefe, wata tana kuka tana kiran sunan wani.

Shugaban 'yan sintirin Kwamanda suke ce mishi, dogo ne, bindigar toka a kafaɗa, layu har gwiwar hannu. Daga baya na ji ƙanensa na cikin waɗanda anka kashe. Malam bai kalle shi ba, wurin mai gari ya nufa, wani tsoho a kan tabarma. Ya cire takalmi ya durƙusa, dattijo mai furfura.

"Ranka shi daɗe, takardar da ke hannunku ni na buga ta. Ba ta hukuma ba ce. Daga littafin wasa ta fita."

Kwamanda ya ce, "Wane irin wasa? Mutum tara a ƙasa kana ce mana wasa?"

"Allah Ya jiƙansu. Ɗana, ba ni takardar."

"Ni ba ɗanka ba ne."

Mai gari ya ɗaga hannu, anka miƙo ta. Ta sha mai, ta yi laushi. Malam ya ɗauki jagora guda, ya buɗe tsakiya, ga fuskar nan iri ɗaya. Ya zare ta tsakiyar, ya sa tasu a gurbin, ramukan ƙusa sunka hau daidai. Ya buɗe sauran shafukan yana nunawa: ga mai shayin Warra, ga mahauci, ga mai faci. Direban jirginmu ya rantse ya san su duka. Wasu matasa a baya sunka fara cewa ai sun san fim ɗin. Na kunna waya na kai kashin ƙarshe, na riƙe ta gaban mai gari da Kwamanda. Sunka kalli wani Bature mai ƙiba yana kuka a gareji ana nuna shi da bindiga.

Kwamanda ya ce, "Wannan Bature ne. Kunnensa lafiya lau. In shi ake nufi, me ya kawo fuskar wancan?"

Na ce, "Ni na zana, yallaɓai. Don mutane su gane."

"Kai? Da hannu? Ƙarya ne. Wannan aikin na'urar gwamnati ne. Ku ma tare kuke, an turo ku ku fitar da shi."

Wani ya riƙe mini wuyan riga ta baya. Malam bai juyo ba, ya ce, "Nasiru, zauna ka zana shi."

Na zauna a ƙasa. Na buɗe littafin zane a gwiwa, na ciro shuɗin biro. Na kalli Kwamanda sau biyu. Ban taɓa aiki da sauri haka ba, kuma ban taɓa kula da layi haka ba. Goshi, karyayyen hanci, tsagen kumatu uku-uku, jijiyar wuya, igiyar laya. Da na gama Malam ya karɓa, ya ciro alƙalaminsa, ya rubuta a ƙasa da ajami, ya miƙa wa mai gari. Tsohon ya karanta a fili: "Wannan shi ne mai kai labari."

Wasu sunka yi salati. Kwamanda ya fizge takardar. Ya daɗe yana kallon kansa. Ya yayyaga ta ƙanana, bai zubar ba, ya cusa a aljihu. Ya ce, "Ke nan duk wanda kunka ga dama kuna iya yi mishi haka." Malam ya ce, "Duk wanda munka ga dama. Shi ya sa na zo da kaina. Laifin namu ne, ba na wancan ba." Kwamanda ya ɗauke ni da mari, na faɗi kan jakar littattafanmu. Ba wanda ya hana shi. Mai gari ya ce a kwance mutumin.

Da anka kwance igiyar ne munka ga hannun. Tun daren jiya sun sa yatsunsa na dama a kan turmi suna tambayarsa sunayen abokan aikinsa. Ba shi da sunan da zai bayar. A asibiti sunka cire biyu, sauran ukun sunka ƙage, ba sa lanƙwasuwa.

Sati uku muna bin ruwa, ni da Malam, tunga zuwa tunga, muna karɓar jagoran zango na uku. Wasu sun bayar, wasu sun ɓoye don yanzu ya zama abin nema. Da yawa mun same su babu takardar tsakiya, masu su ba su san inda ta faɗi ba. Abin da munka tara munka ƙona bayan shago. Amma hoton da ke waya ba ya ƙonuwa. Ya kai Shanga, ya haye ruwa, ya dawo da sabon rubutu a kai, wai an sa kuɗi ga wanda ya kama shi. Malam ya buga wata takarda mai bayanin gaskiya, mai gari ya sa hannu, munka raba, munka tura a waya. Ba ta yi tafiyar rabin ta farkon ba. Bayan Garba ya fito asibiti, sau biyu ana tare shi, sau ɗaya a kasuwa, sau ɗaya a shingen hanya. Mai shayi ya ce in cire shi daga littafi. Mahauci ma. Mun koma zana Turawa, ciniki ya faɗi, bayan shekara Malam ya daina jagora ya koma katin biki. Ni na bar shagon. Na yi aikin fenti, na yi lodin albasa, yanzu ina rubuta sunaye a jikin jirage da Keke.

Jiya na ga ɗayanku ya ɗauki fuskar mai gyaran waya na layinmu ya ɗora a jikin wani ɗan fashi na fim, kuna ta dariya kuna turawa. Na san ya yarda. Garba ma ya yarda.

Ranar da Garba zai bar ƙasar nan a tashar Yelwa na same shi. Wani ɗan uwansa ya samo mishi gadi a wani gari can kudu inda ba a san shi ba. Matarsa da yara suna cikin mota, kayan a sama, jakar sifanu ya bar wa wani. Ya ja hula ya rufe kunnen duk da zafin da ake. Na gaishe shi, ya amsa. Ya miƙo mini hannun hagu. Na fara magana ya ce, "Bari, Nasiru. Ni na ce ka zana."

Munka tsaya ana ɗaure kaya. Can ya ce, "Wai an kawo zango na huɗu?"

Na ce an kawo.

"Ka kalla?"

"Na kalla, Kawu."

"Mutumin nawa, mai garejin. Me sunka yi mishi?"

Na ce, "Sun kashe shi. A kashi na farko."

Ya gyaɗa kai. "Iyalinsa fa?"

"Ba a sake nuna su ba."

Ya ce, "To." Ɗan kamasho ya buga jikin mota, ya shiga, ya jawo ƙofar da hagu, ba ta rufu ba sai da na tura mishi daga waje.